Umdurman, Ba Wuta

Ƙarfe biyu da kwata fanka ta yi tari,
ta juya sau uku kamar mai neman abin da ta yar,
sannan ta tsaya.
Keken ɗinkina ya cije allura a wuyan jallabiya,
rigar angon da zai zo karɓa ran Alhamis.

Na baro Talata Mafara ina cewa na tsere wa duhu.
Ashe duhu ma yana da fasfo.
Ya riga ni sauka, ya kama ɗaki a Umbadda,
har ya koyi Larabci.
Can gida mu ce sun ɗauke, nan su ce kahraba ta yanke:
ɗaci ɗaya, harshe biyu.

Zafin garin nan ba ya sallama.
Ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa, ya zauna maka a ƙirji.
Bango ya sha rana tun hantsi, yanzu yana amayar da ita.
Sabulu ya saki jiki a kwano.
Kifin da na ajiye a firjin maƙwabci
ya fara tuna kogi.

Sitt Nafisa, mai gidan da nake haya,
ita ta ɗora mini karatun zafi tun daga baƙi:
jiƙa mayafi, ka matse, ka rufa har ka;
yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin magariba;
kada ka yi kokawa da azahar, ba a taɓa kayar da ita ba.
Zauna kusa da randa, su zir suke ce mata,
ita ke zufa don kai ka sha sanyi.

Bayan isha muka fito da gadajen igiya.
Baba Ɗanmairo ya jawo nasa kusa da nawa.
Kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa, zai je Makka,
ya tsaya shan ruwa a bakin Nilu,
shan ruwan da bai ƙare ba har yau.
Hausarsa ta tsufa kamar kwabon da aka daina karɓa,
amma ni tana saya mini gida.
Ya ce, "Yaro, kakana bai san fanka ba, ya yi casa'in."
Na ce, "Baba, kakanka ba shi da riga sha ɗaya a wuyansa."
Ya yi dariya har igiyar gadon ta amsa.

Waya saura kashi huɗu.
Hasiya ta aiko: "Ya sanyin ƙasar waje?"
Na rubuta, "Sai godiya, har bargo muke..."
wayar ta mutu
kafin ƙaryar ta ƙarasa.

Barci ya ƙi. Sauro yana karanta mini wasiƙa a kunne.
Na tashi, na ɗauko jallabiyar,
na cije tocila a baki, na zura zare.
Shekara tara rabona da ɗinkin hannu,
amma yatsu ba su manta rumfar mahaifina ba,
yadda yake lasar bakin zare, ya kanne ido ɗaya.
Zufa na ɗiga daga haɓata, ina kare farin yadin da gwiwar hannu.

Wajen uku na dare,
duk ƙwan da aka manta a kunne ya farka lokaci ɗaya.
Rediyon wani ya ci gaba da zance daga inda ya tsaya.
Wani yaro a bayan katanga, cikin magagi: "Jat! Jat!"
Ta zo.
Fanka ta kama aiki ba ko neman afuwa.

Ban koma kan keke ba.
Saura taƙi ɗaya, na ƙarasa da hannu.
Ya ɗan karkace wajen maɓalli na biyu.
Ango ba zai gani ba, hankalinsa na wani wuri.
Ni dai na san a wuyan rigar nan
akwai dare guda na Umdurman,
ɗinke da zaren Mafara.